Sannunku da Kiwo, Makiyayan Boston

Yabon gwani ya zama dole, kuma ni yau gwanaye na zo yabawa. Gwanayen rufin asiri ne, shugabannin Cocin Katolika na birnin Boston a Amurka, waɗanda suka riƙe wani firist mai suna John Geoghan a bakin aiki shekara talatin cur, alhali ƙorafi a kansa yana zuba a ofishinsu kamar ruwan Agusta. Mutum fiye da 130 ne suka fito daga baya suka ce ya yi lalata da su suna yara. Coci shida aka zaga da shi. Wannan ɓarna ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai da masu share masa hanya, masu buga hatimi, masu rubuta takardar canjin wurin aiki su sa hannu su koma cin abincin rana. Su nake yi wa sannu da ƙoƙari.

Haƙurinsu kaɗai ya isa a yi musu kirari. A 1962 aka naɗa Geoghan firist. Shekarun 1960 ba su ƙare ba sai da wani uba a garin Hingham ya kai kuka cewa ya kama Fada Geoghan da ɗansa. Shugaba mai garaje da a ranar ya kira 'yan sanda, ya ɓata wa bawan Allah suna tun yana sabon shiga. Su kuwa suka natsu. Aka tura shi wani asibitin ƙwaƙwalwa a Baltimore, ya ɗan huta, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. A 1974 aka mai da shi cocin St. Andrew da ke unguwar Jamaica Plain, kuma ba a ga dalilin tayar wa mutanen unguwar hankali da tsohon zance ba.

A unguwar nan akwai wata uwa da ke riƙe da 'ya'yanta tare da 'ya'yan wata 'yar'uwarta, gida cike da yara maza, hannu kuma ba yalwa. Sai ga Fada da kansa yana ƙwanƙwasa ƙofa. Duk wanda ya san girman malamin addini a idon talaka ya san yadda matar nan ta ɗauki abin: alfarma ce ta sauka a gidanta. Kusan kullum da daddare yana tafe, da farar kwalar nan ta firistoci a wuya. Ya fita da yaran shan askirim, ya dawo da su, ya ce bari ya raka su ɗaki ya yi musu addu'ar kwanciya. Wa ke zargin mai addu'a? A cikin ɗakin nan, a bakin gadon, da sunan Allah a bakinsa, yake yi musu abin da yake yi. Yara bakwai na gida ɗaya, kusan shekara biyu.

Da magana ta fasu a farkon 1980 aka tambaye shi, bai wahalar da kowa da musu ba, ya amsa. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zai biyo baya ya faru ne bayan mutumin ya amsa da bakinsa. Sai wani firist ya je wurin uwar yaran yana roƙonta kada ta fasa ƙwai. Ya tuna mata shekarun da Fada ya kwashe yana karatu kafin a naɗa shi, ya tambaye ta ko ta san abin da take shirin raba shi da shi. Madalla da wannan tausayi! Mutum ya shiga gidan da aka yi wa yara bakwai illar da za su ɗauka har kabari, ya dubi uwarsu ido cikin ido, ya gano cewa a duk lamarin nan wanda ya fi cancantar a ji ƙansa shi ne mai laifin. Irin wannan zuciya sai an yi karatu mai zurfi ake samunta.

Aka rubuta a takarda cewa Fada ya tafi hutun rashin lafiya. Nan ma dole a sara musu, sun iya zaɓen kalma. Shekaru da yawa bayan haka, a 2018, kwamitin bincike na kotu a jihar Pennsylvania ya buɗe ma'ajiyar dayosis shida, ya sami firistoci sama da 300 da yara sama da 1,000 a tsawon shekara 70, ya kuma tarar harshen iri ɗaya ne ko'ina, kamar malami ɗaya ya biya musu. Ba a rubuta fyaɗe, sai a ce an yi cuɗanyar da ba ta dace ba, ko an ɗan ƙetare iyaka. Ba a gaya wa jama'ar coci dalilin ɗauke Fada, sai a ce jiki ne ya motsa, ko gajiya ce ta yi masa yawa. Ranar Lahadi jama'a su sunkuyar da kai suna roƙon Allah ya ba shi lafiya ya dawo musu da shi, cikinsu har da iyayen yaran da ba su riga sun buɗe baki ba.

Mara lafiya kuwa sai likita. Biyu aka dogara da su a kan Geoghan. Ɗaya likitan gidansu ne, irin mai duba zazzaɓi da hawan jini. Ɗayan likitan ƙwaƙwalwa ne wanda ba shi da ƙwarewa a kan masu irin wannan hali. Suka ce ya warke. A farkon 1981 aka ba shi cocin St. Brendan a Dorchester, ba a gaya wa babban firist na wurin komai ba, ai munana zato ga ɗan'uwa ba kyau. Cikin ayyukan da ya kama har da shirya ƙananan yara domin karɓar Jibin Ubangiji a karo na farko.

A 1982 dangin yaran nan bakwai suka hango Fada a wani shagon askirim na unguwarsu tare da wani yaro. Innarsu, 'yar'uwar uwarsu, mace mai riƙo da addininta, ta zauna a watan Agusta ta rubuta wa Kadinal Humberto Medeiros wasiƙa. Ta ce an shawarce su su yi shiru, ta ce sakacin Coci ya ba ta kunya. Kadinal ya amsa mata da nasiha mai sanyi, cewa ba a yarda da zunubi ba amma wajibi ne a ƙaunaci mai zunubi a yi masa addu'a. Sannan aka ɗauki tsattsauran mataki. Aka tura Geoghan birnin Roma na wata biyu ya sabunta ruhinsa, Coci ta biya kuɗin tafiya. Wane mai laifi ne zai ji irin wannan horo bai shiga taitayinsa ba? Ya dawo St. Brendan, ya ci gaba.

Medeiros ya rasu a 1983. A watan Maris na 1984 Bernard Law ya hau kujerar Akbishop na Boston, mutum mai ilimi, ɗan jami'ar Harvard, wanda ya yi suna a Mississippi wajen tsaya wa haƙƙin baƙar fata a shekarun 1960. Wata shida da zuwansa innar yaran ta sake ɗaukar alƙalami, ta gaya masa ƙarara abin da Geoghan ya aikata, da kuma cewa har yanzu ana ganinsa da yara. Law ya cire shi daga St. Brendan a watan Satumba. Wanda bai san gwanaye ba sai ya ce an zo ƙarshen labari. A watan Nuwamba aka tura shi cocin St. Julia a Weston, aka damƙa masa ƙungiyoyin matasa uku, har da yaran da ke hidima a gaban bagade. Bahaushe ya ce ba a ba kura ajiyar nama. To Bahaushe bai yi karatu a Roma ba, shi ya sa bai san cewa in an canja wa kura garke halinta ma canjawa yake yi ba.

Mutum ɗaya a cikin manya ya so ya ɓata tsari. John D'Arcy, mataimakin bishop, ya rubuta wa Law a ranar 7 ga Disamba, 1984. Ya ce mutumin nan yana da tarihi da yara maza, kuma in wani abu ya faru a Weston jama'a za su tabbata Coci ba ta damu da su ba, firistoci masu matsala kawai take turo musu. Cikin mako guda likitocin nan biyu suka sake shaida cewa Fada garau yake. Bayan 'yan watanni aka ba D'Arcy dayosis a jihar Indiana, can nesa da Boston, Geoghan kuma ya zauna daram a Weston. A shekarar nan ta 1985 aka ɗora wa Law jar hular Kadinal.

Nan zan ajiye yabo in faɗi magana yadda take. A 1986 Geoghan ya ji labarin wani yaro ɗan shekara 12 a unguwar Hyde Park wanda mahaifinsa ya kashe kansa. Ya je yi wa uwar jaje, ya ce bari ya fita da yaron ya saya masa askirim. A hanyar dawowa, a cikin mota, ya sa masa hannu. Yaron ya girma ya ba da labarin da bakinsa: jikinsa ya sandare, ya kasa cewa uffan, askirim ɗin yana narkewa yana bin hannunsa. Ya koma gida bai san yadda ake faɗin irin wannan abu ba. Shekara shida ke nan da Geoghan ya amsa laifi, shekara huɗu da wasiƙar inna ta farko, shekara biyu da gargaɗin D'Arcy. A daidai lokacin da motar nan take tafiya, takardun duk suna kwance a ma'ajiya, da kwanan wata da sa hannu. Ƙararrakin da aka shigar daga baya sun nuna aƙalla yara 30 ne suka ce ya taɓa su bayan an kai shi Weston. Kowane ɗaya daga cikinsu da ya tsira, da wani mutum a wani ofis ya ce ya isa haka.

Amma ai makiyayi na ƙwarai ba ya yanke ƙauna. A 1989 ƙorafi ya sake yin yawa. Wannan karon likitan ƙwaƙwalwar nan da kansa ya ce wa Bishop Robert Banks a yanke wa mutumin fukafukai kafin abu ya fashe, Banks kuma ya rubuta maganar ya ajiye. Cibiyar St. Luke da ke Maryland ta auna shi ta ce mai sha'awar yara ne, haɗarinsa kuma babba ne. Shugaba mai saurin karaya da nan ya sallama. Su kuwa suka kai shi wata cibiyar a Hartford ya yi wata uku, a watan Nuwamba suka mai da shi St. Julia. Da Banks ya karanta rahoton sallamar ya ga bai yi masa daɗi ba, sai ya rubuta musu, suka aiko da wasiƙar da ta ce ana iya barinsa a bakin aiki. Mai nacin neman likita ba ya rasa wanda zai gaya masa abin da yake son ji. A 1991 Geoghan ya kama wani yaro ɗan shekara 10 a wurin ninƙaya a Waltham, laifin da shi kaɗai ne kotu ta taɓa ɗaure shi a kansa. Sai a 1993 aka raba shi da aikin coci, sai a 1998 aka tuɓe masa rigar firist.

Tsakanin nan, a 1996, Kadinal Law ya rubuta masa wasiƙar ritaya. Ya ce ya yi rayuwar hidima mai amfani wadda, abin takaici, rashin lafiya ta raunana. Ya gode masa a madadin waɗanda ya yi wa hidima, ya sa masa albarka, yana kiransa da sunan da abokai ke kiransa, Jack. Wannan shi ne sanin darajar ma'aikaci! Ga gidan da ba a manta alheri. Wace wasiƙar godiya aka aika wa innar da ta yi ta rubutu tana cewa ku tare shi, ku tare shi?

Masu kare su suna cewa zamanin ne, a lokacin ba a san cutar ba ta jin magani ba, likitoci ne suka ɓatar da bishop-bishop. To a yaba musu da mantuwa ma. Fada Gerald Fitzgerald, wanda ya kafa ƙungiyar Servants of the Paraclete a New Mexico a 1947 domin kula da firistocin da suka faɗa matsala, tun a shekarun 1950 yake rubuta wa bishop-bishop cewa wanda ya taɓa yaro kada a mai da shi aiki. Har tsibiri ya nema a tekun Karibiyan, ya ba da kafin alƙalami, don a ajiye irinsu inda babu yara, aka hana. A 1963 ya kai maganar gaban Fafaroma Paul na Shida. A 1985, ana cikin shari'ar wani firist mai suna Gilbert Gauthe a Louisiana, Fada Thomas Doyle da wani lauya da wani firist likita suka rubuta wa bishop-bishop na Amurka dogon rahoto, suka ce in ba a tashi tsaye ba abin nan zai ci wa Coci dala biliyan ɗaya cikin shekara goma. Sun yi magana da harshen kuɗi ko za a saurara. Rahoton ya sha ƙura. Kuma wane rahoto ake jira? A tsayar da kowace uwa a kan hanya a tambaye ta ko za ta ba wanda ya lalata yara bakwai tsaron na takwas, a ji ko za ta ce bari ta tuntuɓi likita.

Inda na fi jinjina musu shi ne adana takardu. Dokar Coci ta tanadi ma'ajiyar sirri a kowace dayosis, mabuɗinta a hannun bishop shi kaɗai. Ba su yar da komai ba. Wasiƙun inna suna nan, gargaɗin D'Arcy yana nan, maganar yanke fukafukai tana nan da rubutun hannu. Ɓarawo ma yakan share sawunsa, su kuwa sun jera nasu a fayil. Wanda ya matsa da ƙara kuma sai a kira shi gefe a sasanta, a ba shi kuɗi ya sa hannu cewa ba zai faɗa wa kowa ba. A cikin shekara goma kafin 2002, ta haka aka rufe ƙararrakin da suka shafi firistoci aƙalla 70 a Boston. Hikimar abin ita ce kowace uwa ta koma gida tana zaton ɗanta ne kaɗai.

A 1992, lokacin da jaridu suka taso da labarin James Porter, wani tsohon firist na dayosis ɗin Fall River da ke maƙwabtaka, Kadinal Law ya fusata har ya roƙi ikon Allah ya sauka a kan 'yan jarida, musamman jaridar Boston Globe. Addu'ar ta karɓu. A 2001 sabon editan jaridar, Martin Baron, ya ce a nemi kotu ta buɗe takardun Geoghan. Mai shari'a Constance Sweeney, ita ma a makarantun Katolika ta yi karatu, ta ce a buɗe. Ranar Lahadi 6 ga Janairu, 2002, labarin ya fito a shafin farko, mutane suka karanta shi kafin su tafi coci. A watan nan kotu ta sami Geoghan da laifi, daga baya ta yanke masa shekara 9 zuwa 10. A watan Agustan 2003 wani fursuna ya kashe shi a kurkuku, wanda shi ma kisan kai ne, bai mayar wa kowane yaro da komai ba. Tun kafin nan, firistoci 58 na dayosis ɗin Boston suka sa hannu a wasiƙa suna neman shugabansu ya sauka. Ranar 13 ga Disamba, 2002, Law ya yi murabus.

A watan Yulin 2003 babban lauyan jihar Massachusetts, Thomas Reilly, ya fitar da rahotonsa. Daga takardun Coci kanta ya ƙirga mutum 789 da suka ce an ci zarafinsu tun daga 1940, da firistoci 237, ya kuma ce ainihin adadin zai haura dubu. Bai gurfanar da bishop ko ɗaya ba, domin a shekarun da abin ya faru dokar jihar ba ta tilasta wa malaman addini kai rahoto ba. Sun iya tafiya a bakin rami ba su faɗa ba, wannan ma gwaninta ce. A watan Satumba aka amince a biya mutum 552 dala miliyan 85, daga baya aka sayar wa kwalejin Boston College gidan Kadinal da filayensa. Dukiyar da masu bi suka tara wa Coci, da yawansu baƙin haure ne talakawa, da ita aka biya bashin rufin asiri.

Ma'aikatan da suka yi wannan hidima kuwa ba a bar su haka ba, tun kafin asiri ya tonu an saka musu. Thomas Daily, wanda ya tura Geoghan hutun rashin lafiya a 1980, ya zama bishop na Brooklyn. Banks ya sami Green Bay, John McCormack ya sami Manchester ta New Hampshire, William Murphy ya sami Rockville Centre, Alfred Hughes ya kai har Akbishop na New Orleans. Bayan abin ya fashe kowannensu ya ci gaba da riƙe sandarsa har shekarun ritaya suka cim masa.

A watan Yunin 2002 bishop-bishop na Amurka suka taru a Dallas suka kafa ƙa'ida: firist ɗin da aka tabbatar ya taɓa yaro ko sau ɗaya, ya bar hidima har abada. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma ta ceci yara, wannan gaskiya ce. Sai dai masu rubuta ta sun yi tawali'u, suka ambaci firistoci da dikinoni suka cire kansu. Cikin waɗanda suka riƙa yi wa 'yan jarida bayani a lokacin akwai Kadinal Theodore McCarrick na Washington, mai daɗin baki. A 2019 aka tuɓe shi saboda irin wannan laifin, kuma rahoton da Fadar Vatican ta fitar a 2020 ya nuna an daɗe ana jin ƙishin-ƙishin a kansa ana ƙara masa girma. Sai a 2019 ɗin nan Fafaroma Francis ya kafa dokar binciken bishop-bishop, shekara 17 bayan Dallas. Binciken da kwalejin John Jay ta yi wa Cocin Amurka a 2004 ya ƙirga firistoci 4,392 da aka zarga da masu ƙorafi 10,667 daga 1950 zuwa 2002.

Kada Boston ta yi alfahari ita kaɗai, tana da abokan aji. A Jamus, a 1980, aka kawo wani firist mai suna Peter Hullermann daga Essen zuwa Munich neman magani, zamanin da Joseph Ratzinger ke Akbishop na birnin, ba a jima ba aka ba shi aikin coci. Kotu ta same shi da laifi a 1986, aka sake ba shi aiki, ya yi sama da shekara ashirin a kai. A Faransa kwamitin Jean-Marc Sauvé ya ƙiyasta a 2021 cewa yara 216,000 ne firistoci da masu zuhudu suka ci zarafinsu tun daga 1950. A 2023, Marko Rupnik, firist mai zanen da mata da dama masu zuhudu suke zargi, ƙungiyarsa ta Jesuit ta kore shi a watan Yuni, kafin shekara ta ƙare wata dayosis a Slovenia ta karɓe shi. Sai da mutane suka yi ca sannan aka buɗe hanyar yi masa shari'a.

Na san zargi ba hukunci ba ne. An taɓa yi wa Kadinal Joseph Bernardin na Chicago irin wannan zargi a 1993, mai zargin ya janye a shekara ta gaba, kuma firist ɗin da bincike na gaskiya ya wanke haƙƙinsa ne ya koma aikinsa da mutuncinsa. Amma binciken gaskiya na 'yan sanda ne da kotu da mutanen da ba sa cin abinci a teburin bishop, kuma ana yinsa ne bayan an nisanta wanda ake zargi da yara. Geoghan ma ba a buƙatar bincike a kansa, ya amsa. Maganar gafara da aka fake da ita kuwa, ba mai jayayya cewa Allah yana gafarta wa wanda ya tuba. Gafara tsakanin bawa ce da Ubangijinsa, mabuɗin ɗakin yara kuwa amanar iyayensu ce, kuma bishop ba shi da ikon yafe abin da ba shi aka yi wa ba. Da asusun Coci Geoghan ya taɓa sau shida a wuri shida, wa zai sake miƙa masa mabuɗi?

Mai karatu, in kai ba Kirista ba ne, kada ka karanta wannan ka yi murmushi. Waɗanda suka yi ta ihu a labarin nan tun farko 'ya'yan Coci ne: innar da ta rubuta wasiƙu, D'Arcy, Fitzgerald, Doyle, firistoci 58, da masu bi da suka tsaya a ƙofar babban cocin Boston cikin sanyi suna neman a faɗa musu gaskiya. Yaran da aka cutar ma nasu ne. Laifi tudu ne, kuma kalmomin da aka rufe bakin uwar yara bakwai da su ba baƙi ba ne a kunnenmu: a rufa asiri, kada a ɓata sunan malam, kada a ja wa addini zagi, yaro ne zai manta. Ranar da ka ji ana faɗa wa wata uwa haka, a makaranta ne ko a majami'a ko a cikin gida, ka tsaya a bayanta ka raka ta wurin hukuma.

Saura Kadinal. A watan Mayun 2004 Fafaroma John Paul na Biyu ya naɗa Bernard Law babban firist na Santa Maria Maggiore, ɗaya daga cikin manyan majami'u huɗu na birnin Roma. A watan Afrilun 2005 shi ya jagoranci ɗaya daga cikin addu'o'in makokin Fafaroman a majami'ar St. Peter. Ya rasu ranar 20 ga Disamba, 2017, yana da shekara 86, aka yi jana'izarsa a St. Peter, Fafaroma Francis ya yi masa addu'ar sallama, aka binne shi a Santa Maria Maggiore. Wata uku kafin a ba shi waccan kujera, a watan Fabrairun 2004, aka tsinci gawar yaron nan mai askirim a wani ɗaki a Boston, bayan ya daɗe yana fama da shaye-shaye. Shekararsa 29.